Zubewar Gashi ta Garkuwar Jiki: Allura, Man Shafawa, Ƙwayoyin JAK, ko a Bar Shi?

Akwai zubewar gashi da ba ruwanta da tsufa, ba ruwanta da askar wanzami, ba kuma makero ba ce. Likitoci na kiranta alofeshiya ariyata. Garkuwar jikin mutum ce take juyowa ta far wa saiwar gashinsa, sai a wayi gari da fili sumul a ka, zagayayye, girman kwabo ko ya fi, ba ɓawo, ba ƙuraje, ba wani ciwo. Sau da yawa wanzami ko mai kitso ne ke fara hangowa kafin mai kan ya sani. A wurin wasu abin kan tsaya a tabo ɗaya ko biyu, a wurin wasu ya faɗa wa gemu, ƙalilan kuma ya share musu kai tas, ya haɗa da gira da gashin ido da na cikin hanci. Kimanin mutum 2 cikin 100 kan gamu da ita a tsawon rayuwa, maza da mata, kuma galibi tana fara bayyana kafin shekara 40. Masu kallon ƙwallo sun san kamanninta ko da ba su san sunanta ba. Ita ce ta kwashe gashin Pierluigi Collina, alƙalin wasa ɗan Italiya da ya busa wasan ƙarshe na Olamfik a 1996, ranar da Najeriya ta doke Ajantina da ci 3 da 2.

Kafin a shiga auna magunguna, a riƙe abu biyu. Saiwar gashin ba ta mutu ba, tsayar da aikinta aka yi, don haka ko bayan shekaru gashi na iya dawowa. Sannan har yau babu maganin da ke raba mutum da cutar har abada. Duk abin da ake bayarwa, ko dai ya danne garkuwar jiki ko ya ɗauke mata hankali daga saiwar gashi, iya tsawon lokacin da ake amfani da shi. Shi ya sa idan ka saurari masu cutar za ka ji abin da ya fi cin ransu shi ne ranar da za a daina magani. Wanda gashinsa ya dawo har ya ajiye hula, sannan bayan 'yan watanni ya soma tsintarsa a kan matashi, yakan ce zubewa ta biyu ta fi ta farko ciwo.

A fara tabbatar da cewa ita ɗin ce. Yaron da ke da fili a ka mai ɓawo da ƙaiƙayi da guntayen gashi da suka karye, wani lokaci har da kaluluwa a wuya, makero ne ya fi kusa, kuma maganinsa ƙwayar kashe fungas ce ta sha na makonni. Idan aka shafa masa man sitiroyid, irin mai danne garkuwar jiki, ƙara yaɗuwa zai yi. Macen da gashin goshinta da na gefen kunne ke ja da baya, galibi tsananin jan kitso ne. Wadda tsakiyar kanta ke yin sheƙi yana faɗaɗa sannu a hankali, mai yiwuwa irin da ke kashe saiwa ce, ita kuma jinkiri a kanta asara ce da ba ta dawowa. Likitan fata ne ke rarrabe waɗannan, kuma an fi samunsu a asibitocin koyarwa irin na Aminu Kano da na Shika a Zariya.

Me masu cutar ke kira nasara? A 2017 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta tara masu alofeshiya don jin ta bakinsu. Abin da ya fito fili shi ne cutar da ake ɗauka ta kwalliya ce kawai tana hana mutane fita, tana hana yara zuwa makaranta, tana jefa wasu cikin baƙin ciki mai tsanani. Da yawa sun nuna cewa rashin gira da gashin ido ya fi damunsu, domin kai ana iya rufe shi, fuska kuwa ba dama. Ga kuma gumi da ke gangarowa kai tsaye cikin ido, da ƙura da ba abin da zai tare ta. Wanda ya san hunturun Kano ko Damagaram ya san me hakan ke nufi. Daga hirarrakin da masu bincike suka yi da majinyata aka samo ma'aunin da gwaje-gwajen zamani ke bi: magani ya yi aiki idan gashi ya rufe aƙalla kashi 80 cikin 100 na kai. Ƙasa da haka, mutum na nan da hularsa ko ɗankwalinsa, ko da likita na murna da ci gaba.

Zaɓi na farko, wanda majinyata suka fi ƙin ji, shi ne jira. Amma ga mai tabo ɗaya ko biyu ƙanana da ba su wuce 'yan watanni ba, jira shawara ce ta gaskiya, domin tsakanin kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin masu irin wannan gashinsu kan dawo da kansa cikin shekara guda. Wannan ne ma sirrin yawancin magungunan gargajiya da ake rantsuwa da su. An goga tafarnuwa, gashi ya fito bayan wata huɗu, tafarnuwa ta karɓi yabo. Akwai dai wani ƙaramin bincike da aka yi a Iraƙi a 2002 wanda ya nuna ruwan albasa ya taimaka wa masu ƙananan tabo, kuma albasa ba ta da wata illa ta a zo a gani. Tafarnuwa kuwa tana ƙona fata, kuma idan aka haɗa da tsaga da reza ana iya barin tabon da zai kashe saiwar da cutar kanta ba ta kashe ba. Matsalar jira a zuciya take. Mutum yakan ji kamar an sallame shi ne ba a kula shi ba, kullum yana shafa ƙeya yana auna ko filin ya ƙaru.

Man shafawa mai ƙarfi na sitiroyid, irin su kulobetasol da aka fi sani da Dermovate, shi ne abin da ake fara ba yara, saboda ba zafi kuma uwa na iya shafawa a gida. Amfaninsa matsakaici ne, yana ɗaukar kamar wata uku kafin a yanke hukunci, kuma yana kawo ƙananan ƙuraje a ka. Shi ne dai man da wasu ke bilicin da shi, don haka illarsa ga fata ba baƙuwa ba ce a wurinmu: fata ta yi sirara, ta yi haske, jijiyoyi su bayyana. Ana haɗa shi da minoksidil, wanda shi kaɗai ba ya tsayar da cutar amma yana taimaka wa gashin da ya fara tsirowa. Manya kan gaji da shafe-shafen nan da wuri, musamman mata masu kitso, da sai an buɗe wurin safe da yamma.

Ga babba mai tabo ƙalilan, wanda abin bai kai rabin kai ba, allurar tiramsinolon a cikin fatar wurin ce ta fi kowane zaɓi ƙima. Likita kan tsarma maganin ya koma kamar miligiram 5 a kowace mililita, ya ɗauki siririyar allura, ya riƙa tsira ta sama-sama a cikin filin, tazarar kamar santimita ɗaya tsakanin kowane tsiri, yana zuba ɗigo kaɗan. Fili mai girman tafin yaro na iya cin tsiri goma ko fiye. Akwai zafi, ido na kawo ruwa, amma cikin 'yan mintuna an gama. Bayan mako 4 zuwa 8 sai a ga gashi na tsirowa tsibi-tsibi daidai inda allura ta shiga, sau da yawa fari ne kuma laushi, daga baya ya yi baƙi. Ana maimaitawa duk mako 4 zuwa 6. Ana yinta a gemu da gira ma, da ruwan da aka ƙara tsarmawa.

Masu yin allurar nan sun kasu. Wasu na sonta saboda suna ganin sakamako da idonsu, kuma ba ƙwayar da za su riƙa sha kullum. Wasu kuma sun gaji, domin ana rufe wannan fili wani na buɗewa a gefe, shekara da shekaru ana bin sa da allura. Illarta biyu ce: wurin kan lotsa, kuma a baƙar fata yakan yi haske. Duka biyun kan gyaru bayan watanni idan an tsarma maganin daidai. Kwalbar da aka fi samu a kasuwa kuwa mai miligiram 40 ce a kowace mililita. Wanda ya je kemis aka zuƙo ta yadda take aka danna masa a ka, zai dawo da rami. Wannan aikin likitan fata ne, ko wanda ya koya a hannunsa.

Ƙwayar sitiroyid ta sha, firednisolon ko deksametason, ita ce mai yaudara. Tana fito da gashi ga mutane da yawa, cikin sauri, ga arha, ga ta a kowane lungu. Da an fara rage ta sai gashin ya bi ta. Wanda ya ƙi ragewa kuma sai fuska ta kumbura, sukari da hawan jini su tashi, barci ya ƙaurace, ƙashi ya yi rauni, gyambon ciki ya motsa. Irin ƙwayar da ake cusawa cikin haɗin sha-ka-fashe ce, kuma mun ga abin da take yi wa mutane. Tana da gurbinta: idan gashi na zuba da gudu cikin makonni, likita na iya bayar da ita na ɗan lokaci don ya taka wa abin birki. Amma a ra'ayina, wanda ya mayar da ita maganin dindindin ya sayar da lafiyarsa ya sayi gashi, kuma dainawa farat ɗaya bayan dogon sha na da haɗarin kansa.

Metotireksat tsohon magani ne mai arha da ake sha sau ɗaya a mako, ba kullum ba, kuma kuskure a wannan na iya kisa. Wani gwaji da aka yi a Faransa, aka wallafa a 2023, ya nuna shi kaɗai bai taɓuka abin kirki ga waɗanda kansu ya share ba, sai da aka haɗa shi da ɗan sitiroyid kaɗan. Yana buƙatar gwajin hanta da na jini a kai a kai, kuma yana lalata ciki, don haka ba na mai neman haihuwa ba ne.

Akwai wata hanya mai ban mamaki da ake kira DPCP. Ana shafa wani sinadari a ka da gangan don ya tayar da ƙaiƙayi da borin fata, sai sojojin garkuwar jiki su koma can su saki saiwar gashi. Ana farawa da rabin kai, domin a tabbatar maganin ne ya yi aiki idan gashi ya fito a gefe guda. Duk mako sai an je asibiti, watanni a jere. Bayan kowace shafawa ba a wanke kai, ba a barin rana ta taɓa shi, har kwana biyu. Musulmi zai so ya san wannan tun kafin ya fara, ya tsara ranar zuwansa, ya kuma tambayi malami hukuncin shafar kai a alwala da na wanka a waɗannan kwanaki. Kusan rabin waɗanda aka yi wa kan sami gashi mai ma'ana, sai dai komawar cutar ba abin mamaki ba ce. Majinyata kan kwatanta daren farko da rashin barci saboda susa, wani lokaci da bororo da kaluluwa a bayan kunne. Ga mai baƙar fata akwai ƙarin abin dubawa, domin yana iya barin dabbare-dabbare na duhu ko na fari, har da irin farin da ba ya komawa. Ko a Turai ba kowane asibiti ke yinsa ba.

Sai magungunan da suka sauya labarin, masu toshe JAK. JAK wasu sinadarai ne a cikin ƙwayoyin jiki da ke isar da saƙon kai hari, idan aka toshe su saƙon ba ya isa. A 2014 masu bincike a Jami'ar Columbia, ciki har da Angela Christiano wadda ita ma tana da cutar, suka nuna haka a jikin ɓeraye da mutum uku. A shekarar ce kuma Brett King na Jami'ar Yale ya ba wani saurayi da kusan ba shi da gashi ko ɗaya a jiki tofasitinib, ɗaya daga cikin masu toshe JAK, kansa ya cika. A Yunin 2022 FDA ta amince da barisitinib, wato Olumiant, ga manya. A Yunin 2023 ta amince da ritlesitinib, wato Litfulo, daga shekara 12 zuwa sama. A Yulin 2024 Leqselvi ya biyo baya.

Alƙaluman sun cancanci a tsaya a kansu, domin hotunan da ke yawo a intanet na waɗanda suka dace ne kawai. An gwada Olumiant a kan mutum 1,200 da suka rasa aƙalla rabin gashin kansu. Bayan mako 36, kimanin mutum 1 cikin 3 na masu shan miligiram 4 ne suka kai ga rufe kashi 80 na kai, masu shan miligiram 2 kuwa kimanin 1 cikin 5, waɗanda aka ba ƙwayar da ba magani a ciki kimanin 1 cikin 20. Litfulo, a gwajin mutum 718, ya kai kashi 23 cikin 100 ga wannan matsayi a mako 24, adadin kuma ya ci gaba da hawa har mako 48. Leqselvi, da ake sha sau biyu a rana, ya kai kusan kashi 30 a mako 24. Ba a kara su da juna a gwaji ɗaya ba, saboda haka ba daidai ba ne a jera lambobin a ce wannan ya fi wancan. Abin da ya fi bambanta sakamako shi ne halin majinyacin. A gwajin Olumiant, waɗanda ke da sauran gashi kusan rabinsu sun dace, waɗanda kansu ya share gaba ɗaya kuwa kimanin 1 cikin 5. Wanda ya daɗe ba gashi ma damarsa ta fi ƙanƙanta, har ma ba a ɗauki waɗanda suka haura shekara 8 a haka ba tare da wani tsiro ba.

Waɗanda maganin ya karɓa suna magana a kansa kamar an mayar musu da fuskarsu, musamman ranar da gira ta dawo. Amma akwai rukunin da ba a cika jin muryarsu ba, masu rabin nasara. Gashi ya fito a tsakiya ya ƙi fitowa a ƙeya da gefe, ko ya fito tsibi a nan tsibi a can. Wasu cikinsu kan ce gara lokacin da kan yake ƙwal kwabo, don aƙalla an san matsaya. Sannan ga babban sharaɗi: gashin JAK na haya ne, muddin kana biya kana ciki, ran da ka daina sai a fitar da kai. Mafi yawan waɗanda suka daina sha gashinsu ya sake zubewa cikin watanni. Budurwar da ke shirin aure ta yi wannan lissafi tun yanzu, domin ba a shan su da ciki ko lokacin shayarwa. Tambayar da ya kamata ta yi ita ce, “Likita, idan na samu ciki fa, yaya za mu yi?” Amsar gaskiya ita ce za a dakata, kuma mai yiwuwa gashin ya tafi har sai an dawo.

Illolin yau da kullum ba su da tsanani: ƙurajen fuska, mura, ciwon kai, hauhawar kitsen jini. Wasu kan samu ƙurajen nan masu raɗaɗi da ke fitowa a gefe ɗaya na jiki, daga ƙwayar ƙarambau da ta kwanta tun yarinta. Sai gargaɗi mai nauyi da ke jikin takardar dukkansu a Amurka, na cututtuka masu tsanani, gudajin jini a jijiya, bugun zuciya da ciwon daji. Asalin wannan gargaɗi wani bincike ne a kan tofasitinib ga masu ciwon gaɓoɓi 'yan shekara 50 zuwa sama da ke da matsalar da ta shafi zuciya, don haka haɗarin saurayi lafiyayye bai kai nasu ba. Mai shan taba, da dattijo, da wanda ya taɓa samun gudajin jini, su ne za su yi dogon tunani.

A ƙasarmu abin da ya fi wannan gargaɗi kusa shi ne tarin fuka da ciwon hanta nau'in B. Najeriya na cikin ƙasashen da suka fi yawan masu tibi a duniya, ciwon hanta kuma ya yaɗu a Najeriya da Nijar, kuma mutum na iya ɗauke da kowannensu a kwance bai sani ba. Maganin da ke danne garkuwa na iya tayar da su. Kada a haɗiyi ƙwaya ɗaya sai an yi hoton ƙirji da gwajin tibi, da na hanta, da na ƙanjamau, da ƙidayar jini, sannan a riƙa maimaita gwajin jini lokaci zuwa lokaci.

Kuɗi kuma magana ce babba. Farashin da kamfanin Pfizer ya sa wa Litfulo a Amurka a 2023 ya kai dala 49,000 a shekara. Ko Ingila sai da ta yi ciniki: hukumarta mai tantance magunguna, NICE, ta ƙi amincewa da Olumiant ga wannan cuta a 2023 bisa lissafin tsada, ta karɓi Litfulo a 2024. Abin da ya fi kusa da aljihun mutanenmu shi ne tofasitinib na kamfanonin Indiya, wanda ba a yi masa rajista don alofeshiya ba amma likitocin fata a ƙasashe da dama ke bayarwa, yawanci miligiram 5 sau biyu a rana. Ko shi, a lissafa kuɗin shekara biyu ko uku tare da na gwaje-gwaje, a kuma tabbatar da inda za a riƙa samun na gaskiya ba yankewa. Wanda ƙarfinsa wata huɗu ne, gara bai fara ba.

Akwai kuma waɗanda suka auna duka suka ce a bar shi, kuma ba gazawa ba ce. Ayanna Pressley, 'yar majalisar wakilan Amurka, ta bayyana kanta ba gashi a Janairun 2020, kuma haka take shiga majalisa. A wurinmu suturar ma ta sauƙaƙa: namiji da hula ko rawani, mace da ɗankwali da hijabi, ba mai tambaya. Jagira da kwalli na cike gurbin gira, tabarau na tare ƙura. Batun gashin kanti yana da hukunci a addini saboda hadisin da ya hana jona gashi, ko da yake wasu malamai sun yi rangwame ga wadda cuta ta kwashe mata shi, don haka a tambayi malamin da aka amince da shi. Inda abin ya fi wuya shi ne cikin gida, tsakanin mata da miji, da kuma yaro a makaranta da ake tsokana. Uba ya je ya sami malamin aji ya gaya masa cutar ba ta yaɗuwa, ya nemi a bar yaron ya sa hula, wannan kan yi wa yaro amfanin da ya fi man shafawa.

Kowane zaɓi aka ɗauka, a yi yarjejeniya da likita tun ranar farko a kan lokacin da za a ce bai yi ba. Man shafawa wata uku. Allura, idan an kai wata shida ba tsiro, a daina tsira kai a banza. Masu toshe JAK na bukatar haƙuri, wata tara har shekara, domin wasu sai a makare suke amsawa. A riƙa ɗaukar hoton kai da waya duk wata, gaba da ƙeya da gefe biyu, a wuri ɗaya da haske iri ɗaya, a je da su asibiti. A nemi kuma a duba tayiroyid, wato halittar gaban wuya da kan kumbura ta zama maƙoƙo, idan akwai kasala ko ramewa ko ƙiba ba dalili, saboda cututtukan garkuwar jiki kan zo tare.